Takardun Juliana

Asibitin Kutare,
12 ga Afrilu, 1953

Yaya Irmiya,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Yesu Mai Cetonmu. Ina fata kana lafiya, kai da matarka Matta. Ni dai na iso. Kwana huɗu muka yi a bayan mota, kuma ba wanda ya matse ni, don da an ga tabon fuskata sai kowa ya bar mini fili kamar matar Bature Razdan. An haɗa ni ɗaki da wata tsohuwa, ana yi mini allurar mai sau biyu a mako. Zafinta ba a magana.

Ba labarina na zauna rubutawa ba, na 'yata Juliana ne. Na san zumuncinmu da nisa. Kakarka da kakata ne suka sha nono ɗaya, kuma kafin in kawo maka yarinyar nan sau uku kacal na taɓa ganinka. Amma ka duba da kanka, wa nake da shi? Mijina Jesse rami ya rufta da shi a wurin haƙar kuza tun tana ciki. Babana har gobe yana yanka wa dutsen bayan gidanmu kaza, ya kuma ce ciwon nan hukuncin kakanni ne don na bi addinin Turawa. Da na bar masa ita, kafin damina ta faɗi an kai ta gindin dutsen. A nan kuma doka ce, ɗa mai lafiya ba ya zama da uwarsa. A duk danginmu kai kaɗai ne mai bi da ke da gida.

Ka san mu ba ma yi wa jarirai baftisma, sai mutum ya girma ya nema da bakinsa. To wa zai sa bakin nan ya nema in ba na gida ba? Ranar da aka miƙa ta a majami'ar Bogoro na tsaya gaban jama'a na yi alkawari zan rene ta a hanyar Ubangiji. Ni ce mai bi ta fari a gidanmu, Yaya. Ba na so in zama ta ƙarshe.

Ga abin da na shirya. Duk wasiƙar da zan aiko, za ka ga wata takarda dabam a ciki da sunanta a sama. Wannan tata ce. Zan riƙa ba ta labarin mutanen Allah yadda na iya, da 'yar addu'a gajeriya. Ka zaunar da ita ka karanta mata ko ba ta gane ba, ka ce, "Mamarki ce ke magana." Shekararta biyu kawai, in ba a yi haka ba za ta manta da ni, ta manta da abin da na ɗauka dominta.

Ba ta son kunu mai tsami. In ta tashi rigima a goya ta, a riƙa shafa mata kunne.

Ƙanwarka,
Dorcas

*

Unguwar Ɗan Iya, Bauchi,
7 ga Yuni, 1953

Ƙanwata Dorcas,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ke. Wasiƙarki ta same mu lafiya, mun yi murna da kin sauka lafiya. Mu ma ƙalau, sai aiki da ya yi yawa. Ana sake rufin ofisoshin hukumar En'e kafin ruwa ya kankama, tun safe ina kan tsani.

Juliana ta yi kukan mako biyu, yanzu ta ware. Matta ba ta sauke ta daga baya. Kin san shekara tara ke nan da aurenmu Allah bai ba mu haihuwa ba, to gidan ya canza. Da ita take zuwa bakin Ƙofar Wunti inda take soya masa, wurin da motocin Jos ke tsayawa. Direbobi har sun sa mata suna 'Yar Tanda. Mai gidan da muke haya, Malam Sabitu tela, ya ɗinka mata riga da ragowar yadi, matarsa A'i kuma kullum sai ta aiko mata da fura. Musulmi ne, mutanen kirki, rijiya ɗaya muke ja da su. Na gaya musu 'yar ƙanwata ce, uwarta tana jinya a nesa. Ba su tambayi irin ciwon ba, ni ma ban faɗa ba.

Zan gaya miki wani abu, kada ki ji haushi. Da masinja ya kawo wasiƙarki, Matta ta hana ni shiga da ita ɗaki. Sai da na ɗauke ta da awartaki na ɗora a kan rufin kicin, na danne da dutse, ta yini cikin rana. Na ce mata likita ya ce ba a ɗaukar ciwon a takarda, ta ce likita ba ya sayar da abinci. Na bar ta, don gaskiya hannun nan ne take dama ƙullu da shi.

Na karanta wa Juliana takardarta kamar yadda kika ce. Da na ce mamarki ce ke magana, sai ta waiga ƙofa. Ta kai hannu za ta kama takardar, Matta ta janye ta. Addu'ar kuwa muna yi da ita kullum kafin cin abinci, ta iya cewa amin da ƙarfi har A'i tana dariya daga sashensu.

Ki kwantar da hankalinki ki sha magani. Alkawarin da kika yi a Bogoro na ɗauke shi tare da ke.

Yayanki,
Irmiya Kafinta

*

Bauchi,
20 ga Nuwamba, 1955

Ƙanwata Dorcas,

Gaisuwa cikin Ubangiji. Yaya jiki? Wasiƙunki huɗu na bana duk sun zo. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, an tura mu wajen Gubi gyaran wata gada, mun yi wata guda a can.

Muna lafiya. An ɗan sami wata magana a unguwa cikin watan jiya, har Matta ta yi kwana goma ba ta ɗora tanda ba, amma na kashe maganar, ta wuce. Ba abin da zai dame ki.

Ina da roƙo biyu. Na farko, ki daina rubuta sunan asibitin a bayan ambulan. Na biyu, ki riƙa aikowa ta wurin aikina, ba gida ba. Masinjan unguwar nan bakinsa ba ya shiru.

Juliana ta yi tsawo, ta shiga makarantar Lahadi. Ba ranar da ba ta ambatonki. Ta ce za ta yi ta bin Yesu don wata rana ta je inda kike. Matta na gaishe ki.

Yayanki,
Irmiya

*

Asibitin Kutare,
8 ga Janairu, 1956

Yaya Irmiya,

Barka da sabuwar shekara. Ina fata gadar Gubi ta tsaya da ƙafarta, tunda ita ce ta cinye mini amsar wata takwas.

Layin nan da ka rubuta a kan Juliana na karanta shi har takardar ta yi laushi. Na karanta wa tsohuwar ɗakinmu, na karanta wa matan da muke noman gyaɗa tare, har suka ce in ƙyale su haka. Wai za ta zo inda nake! Na yi kuka, Yaya, amma na daɗi. Sai dai kada ka kuskura ka biye mata ka kawo ta. Nan ba wurin yara ba ne, kuma ba na so ta fara ganina a layin karɓar magani. Ka ce mata ta zauna, ni zan zo.

Kuma ba maganar banza nake yi ba. An daina allurar mai, an kawo wasu ƙwayoyi farare ƙanana. Mutum goma sha ɗaya aka sallama ranar Kirsimeti, kowa da takardar shaida a hannunsa cewa ya warke. Na ga haka da idona. Tabon fuskata ma ya fara dushewa.

Zancen ambulan na ji. Kunyar sunan kake ji, to na daina, ba sai mun yi dogon zance ba. Amma wace magana ce ta hana Matta suya har kwana goma? Ka rufe ta kamar akwatin gawa. Ni ba yarinya ba ce.

A takardarta ta wannan karo na ba ta labarin uwar Musa, wadda ta sa ɗanta a kwando ta bar shi a bakin ruwa don ya rayu. Ka karanta a hankali, kada ka yi irin saurinka. In ta yi tambaya ka rubuto mini tambayar da kalmominta, ko ba ta da kai. Ita nake son ji.

Ƙanwarka,
Dorcas

*

Asibitin Kutare,
17 ga Agusta, 1958

Yaya Irmiya,

Ina gaisuwa, ko da yake ban san ko ana amsawa ba. Wata goma sha huɗu ke nan ban ga rubutunka ba. Na aika bakwai. In kun tashi daga Bauchi ne, ko wani ya mutu, ai ana faɗa.

Ka ga rubutuna ya lalace. Bara na ɗauki tukunya daga wuta ban ji zafinta ba, sai wari ne ya gaya mini. An cire yatsu biyu na dama. Yanzu da robar taya nake ɗaure fensir a hannu, takarda ɗaya tana cin mini yini guda. Ban faɗa don ka ji tausayina ba. Na faɗa don ka san abin da kake ajiyewa ba amsa.

Shekararta bakwai yanzu. Tun da na roƙe ka ka rubuto mini tambayarta, ko ɗaya ban gani ba. Yaron da ake ba labari yana tambaya, Yaya, na san haka don ina koyar da mata karatu a nan, manya ma ba sa barin mutum ya huta. To me ya sa tawa ba ta tambaya?

Zan faɗi abin da ke cina. Kuna zaune cikin birni, kiran salla a kunnenta sau biyar a rana, kai kana kan tsani, Matta tana kan tanda. Ba na zargin A'i, alheri kawai na ji a kanta. Amma yaro abin da yake ji kullum shi yake ɗauka. In 'yata ta bar hanya ka gaya mini a fili. Na fi son in sani in yi kuka, da in zauna ina rubuta wa iska.

Dorcas

*

Bauchi,
5 ga Oktoba, 1958

Ƙanwata Dorcas,

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ke. Na ji labarin hannunki, raina ya ɓaci ƙwarai. Ba wanda ya mutu, ba mu kuma tashi ba. Laifina ne, nakan ɗauki alƙalami in rasa ta inda zan fara.

A kan abin da kike tsoro, ki kwantar da hankalinki, wannan kam zan iya rantse miki. Juliana ba ta bar hanya ba. A majami'armu ta bayan ganuwa ba yaron da ya kai ta. Ita ke fara waƙa a makarantar Lahadi. In muka zauna cin abinci na manta da addu'a, sai ta riƙe mini hannu. Ran Lahadi A'i da kanta ke leƙowa ta ce, "Juli, tashi, mutanenku sun kaɗa ƙarfe." Ta shiga aji ɗaya bana, ta fara haɗa baƙi. Wani lokaci ƙarfin bangaskiyarta har tsoro yake ba ni.

Takardunki duk suna nan a adane cikin akwatin kayan aikina, ko ɗaya ba ta ɓata ba.

Ki yi mini addu'a, ina bukata.

Yayanki,
Irmiya

*

Asibitin Kutare,
4 ga Satumba, 1960

Yaya Irmiya,

Ka gode wa Allah tare da ni! Sau uku a jere an yanki fatar kunnena an duba, ba a ga komai ba. An ce na warke. Ran Lahadi ta sama za a kira sunana a majami'a a ba ni takardar sallama. Yatsun ba za su dawo ba, hancin ma ya ɗan zauna, amma ciwon ya mutu, ko jariri na ɗauka ba abin da zai same shi.

Zan taso ran ashirin da biyar ga wata. In hanya ta yi kyau zan iso kafin bikin 'yancin kai da ake ta zancensa. Kowa na murna Turawa za su miƙa mulki, ni tawa murnar dabam ce. Ba zan takura muku ba, na san halin Matta da tandarta. Ko a ƙauyen Tirwun ne ka nema mini ɗan ɗaki, in yi noma, Juliana ta riƙa zuwa ran Asabar.

Ka shirya ta. Ka gaya mata yadda hannuna yake don kada ta firgita. Na saƙa mata jakar littafi, wata biyar ina fama da ita. Wannan karo ba takardarta a ciki, da bakina zan ba ta labarin.

Ƙanwarka,
Dorcas

*

Bauchi,
22 ga Satumba, 1960

Dorcas,

Ban san yadda zan gaishe ki ba. Wasiƙarki ta yi kwanaki a wurin aiki ban gani ba, muna filin taro muna kafa rumfunan biki. Yau aka miƙo mini. Ina roƙon Allah wannan ta same ki kafin ki hau mota. Kada ki zo tukuna. Ki karanta har ƙarshe.

Maganar da na ce miki na kashe shekara biyar da suka wuce, ga ta. A wata takarda kin gaya wa Juliana cewa Yesu ya taɓa kutare da hannunsa, kika ce ke ma kuturwa ce kuma yana ƙaunarki. Na karanta mata yadda kika rubuta. Washegari a bakin tanda, wani direba ya tambaye ta ina mamarta, ta ce masa da murna, "Mamata kuturwa ce, Yesu yana sonta." Kafin azahar Ƙofar Wunti duka ta ji. Matta ta zubar da ƙullun kwana uku. Aka hana mu sa gugarmu a rijiya, sai A'i ce ke ja mana da tata. Uwaye suka janye 'ya'yansu, Juliana ta tsaya a ƙofar gida tana kiransu ba mai waigowa. Mutane suka je wa Malam Sabitu ya tashe mu. Ya ƙi, amma na ga abin ya yi masa nauyi. Har a majami'a, bencin da muka zauna ya zama namu mu kaɗai.

Sai na fita na ce shirmen yara ne, uwarta ciwon ƙirji ta yi, kuma ma ta rasu, saƙo ya zo. Aka zo mana gaisuwa. Aka dawo sayen masa. Amma yarinya tana da baki, dole abin da na faɗa a waje in faɗa a ciki. Na ɗora ta a cinyata na ce mata, "Mamarki ta tafi wurin Yesu." Matta ba ta sa ni ba. Ni na yi.

Na ce a raina in ta ƙara wayo zan gyara. Sai abin ya fi ƙarfina. Tun ranar ta kama Yesu da hannu biyu, don a wurinsa kike. Duk abin da na rubuta miki a kan bangaskiyarta gaskiya ne, kuma daga nan ya tsiro. Ta daina tsoron mutuwa, ta daina ƙarya, in ta yi laifi da kanta take zuwa ta faɗa, wai kada a hana ta ganinki. Kowace shekara sai in ce bana zan gaya mata, sai in ji tana waƙa a tsakar gida in kasa. Takardunki ashirin da shida ban karanta mata ba. Ni nake karantawa a wurin aiki, in ba ta labarin kamar daga kaina ya fito.

Na cuce ki, na sani. Ba na neman ki ce ba komai. Ki ba ni zuwa Kirsimeti in nemi dattawan ikilisiya, in san yadda zan faɗa mata. In kika bayyana haka kawai ban san abin da zai karye a cikinta ba.

Irmiya

*

Asibitin Kutare,
16 ga Oktoba, 1960

Irmiya,

Ina lafiya. Wasiƙarka na same ta a nan tana jirana, bayan na je Bauchi na dawo. Ba ka san na zo ba, ko? To ka zauna ka ji.

Ran Alhamis da hantsi, saura kwana biyu biki, mota ta sauke ni a Ƙofar Wunti. Gari ya cika, an rataya tutoci ko'ina, 'yan makaranta suna ta gwajin maci. Ban nemi unguwar Ɗan Iya ba, tanda na nema. Matta ba ta nan. Wata yarinya ce a zaune tana juya masa, ta soke 'yar tuta kore da fari a ɗankwalinta. Ba sai an gaya mini ba. Goshin Jesse ne, kuma in tana jira sai ta kai hannu tana shafa kunnenta.

Na zauna a gindin ganuwa nesa kaɗan, ina jira ta gane ni, tunda na ɗauka ka shirya ta. Ta dube ni, ta dubi hannuna. Sai ta sa masa uku a ganye ta kawo, ta ajiye a ƙasa gabana yadda ake yi wa irinmu, amma ta durƙusa. Ta ce, "Iya, sannu da hanya. Ga shi, saboda Yesu."

Na ce, "'Yata, wa ya koya miki faɗin haka?"

Ta ce, "Babana."

Na ce, "Mamarki fa?"

Ta ce, "Mama Matta ta je sayen itace. Amma wadda ta haife ni tana wurin Yesu tun ina 'yar shekara huɗu."

Na ɗauka kunnena ne. Na sake tambaya, ta sake faɗa, fuskarta a sake, kamar mai cewa uwarta ta tafi Jos. Ta ce can ba ciwo, an ba ki sabon jiki. Haka ta ce, wai an ba mamata sabon jiki, tana kallon nawa. Na ce, "Yaya aka yi kika tabbata tana can?" Ta yi dariya, ta ce, "Baba ne ya gaya mini. Shi ya gaya mini komai na Yesu. Baba ba ya ƙarya."

Takardar sallamata tana cikin rigata, jakar da na saƙa tana cikin ƙunshina. Kalma uku kawai zan faɗa: ni ce mamarki. Na buɗe baki, Irmiya, Allah ya sani na buɗe. Sai na ga abin da ka yi. Ka ɗauki mutuwata da tashin Yesu ka kafa su da ƙusa ɗaya, kai da kake kafinta. In na zare, ban san wanne zai tsaya ba. Shekara bakwai ina rubutu, uku a ciki da fensir ɗaure a dungu, don yarinyar nan ta san Mai Ceto, ga ta a gabana ta san shi, kuma ni ce zan ce mata wanda ya koya mata maƙaryaci ne, a bakin kasuwa, ana jiran masa. Na rufe bakina.

Ban jira Matta ba. Na koma tasha na hau motar da ta samu. Ranar da kuke ɗaga tuta, muna gefen hanya taya ta fashe. Da na iso nan suka yi mamaki, na ce a bar ni in ci gaba da koyar da karatu, aka bar ni. Ɗakina ma ba a ba kowa ba.

Ka ce kada in ce ba komai. Ba zan ce ba. Na san abin da aka yi muku a rijiya, na san kunyar da Matta ta sha, mu nan mun fi kowa sanin wannan. Na kuma ga 'yata da ƙiba da tarbiyya, na gode. Amma ka binne ni da raina, ka karɓi gaisuwar mutuwata, kana karanta rubutuna kana ba ta a matsayin naka. Ban yafe ba. Kullum ina roƙon Allah ya ba ni ikon yafewa, har yau bai ba ni ba.

Ga abin da nake so, kuma ba shawara nake nema ba. Kada ka je wa dattawa a Kirsimeti. Ka bar ta ta ƙara ƙarfi. Amma ranar da ta buɗe baki ta nemi baftisma, kafin a sa sunanta, ka buɗe akwatin nan ka ba ta takardunta duka a hannunta, ba da awartaki ba. Ka gaya mata da bakinka abin da ka yi. Ba za a tsoma mini 'ya cikin ruwa a kan ƙarya ba. In ta ji duka ta ce har yanzu tana bi, to bangaskiyar tata ce, na cika alkawarina. In ta juya baya, ni da kai za mu amsa a gaban Allah, kai don ka faɗa, ni don na yi shiru. In ina da rai a lokacin, ta san inda nake. In ba ni, ka daina zama maƙaryaci ke nan.

Jakar tana tafe da wannan wasiƙa. Ka ce wata tsohuwa ce da ta ba masa ta aiko, wannan ai gaskiya ne. Kada ka nemi takardarta a ciki, babu, ba kuwa za a ƙara ba.

Saura abu ɗaya, don ka ɗauka tare da ni. Da na miƙe zan tafi, ta biyo ni taku biyu, ta rage murya. Ta ce, "Iya, kada ki ji haushi. Ke da ba ki da lafiya, wataƙila za ki riga ni zuwa. In kin ga mamata, sunanta Dorcas. Da tana aiko mini da takarda, Baba yana karanta mini. Ki ce mata yanzu na iya karatu da kaina."

Na ce mata to. Na ɗauki masata a ƙasa na tafi.

Dorcas